Babi na Bakwai: Mai Buga Ƙararrawa Ba Shi da Lasisi

A yawancin majami'un ƙauye na ƙasar Kontagora, abin da ake kira ƙararrawa ba irin wadda ake gani a hoto ba ce, mai faɗin baki da harshe a ciki. Tsohon wilin mota ne aka rataye a reshen dalbejiya, ko guntun ƙarfen dogo, ko tukunyar gas da ta gama aiki aka yanke mata gindi. Mabugin kuwa guntun rodi ne, ana ɗora shi can sama inda hannun yara ba ya kaiwa. Mai bugawa katikis ne, ko ɗan mai bishara, ko wani dattijon ikilisiya da gidansa ya fi kusa. Ba a biyansa. Ba wanda ya zaunar da shi ya koya masa, sai dai ya taso yana jin yadda na gabansa ke yi.

Duk da haka aikin yana da ƙa'ida, kuma kowa a gari ya san ta. Ran Lahadi bugun farko na cewa a tashi a yi wanka, na biyu a kama hanya, na ƙarshe an shiga sujada. Tsakiyar mako akwai na addu'ar asuba, da na zumuntar mata, da na masu koyon waƙa. Idan aka ji bugu ɗaya-ɗaya da tazara a lokacin da ba na ibada ba, an yi rashi. Idan aka ji shi ba ƙaƙƙautawa, to gobara ce ko abin da ya fi gobara, domin a shekarun nan da 'yan bindiga suka addabi arewacin Neja wannan bugun ya sami sabon aiki. A cocin Katolika ma har shirun yana da lokacinsa: daga daren Alhamis na makon Ista ƙararrawa ba ta sake magana sai daren Asabar. Musulmin da ke maƙwabtaka da coci ya san waɗannan bambance-bambance ko da bai taɓa leƙa ciki ba, kamar yadda Kiristan garin ya san kiran assalatu daban da kiran sallar asuba, kuma da shi yake auna lokacin fita gona.

Auna, ɗaya daga cikin garuruwan wannan yanki na jihar Neja, tana ƙaramar hukumar Magama, wadda hedikwatarta ke Nasko, cikin masarautar Kontagora, ba nisa da gaɓar tafkin Kainji ta gabas. Ƙasar Kambari ce, da Hausawa da Fulani da masunta da suka sauko daga Kabi. A irin waɗannan garuruwa ba abin mamaki ba ne a sami Musulmi da Kirista da mai riƙe da al'adar kakanni a zuri'a ɗaya, suna noma tare, suna zuwa wa juna biki da gaisuwar rasuwa.

Kafin ƙararrawa ta zo, sautin da ke ratsa gari abu ne na sarauta. Tambari ba a kaɗa shi don kowa, kakaki ba a busa wa talaka komai dukiyarsa, mai shela kuma ba ya buɗe baki sai da izinin mai gari. Kiran salla shi ne sautin da ya tsaya da ƙafarsa, kuma tarihinsa ya taɓa ƙararrawa tun daga tushe. Littattafan hadisi sun kawo cewa bayan hijira sahabbai sun yi shawarar yadda za a riƙa tara mutane salla, wasu suka kawo batun ƙararrawa irin ta Nasara, wasu ƙaho irin na Yahudawa, har aka tsaya a kan muryar ɗan'adam bayan mafarkin Abdullahi ɗan Zaidu, aka ba Bilal aikin saboda ƙarfin muryarsa.

Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku kuma jikan Shehu Usmanu, shi ya kafa Kontagora a 1864 yana riƙe da sarautar Sarkin Sudan. Yaƙe-yaƙensa da na ɗansa Ibrahim sun fi faɗa wa Kambari da Dukawa da Gwari da Kamuku, kuma zuriyar waɗanda suka sha wannan wuya ba ta manta ba. Turawa suka ci Kontagora a farkon 1901. Gwamnatinsu ta yi wa sarakuna alkawarin ba za ta taɓa addini ba, saboda haka ta riƙa nesanta 'yan mishan daga biranen sarakuna tana barinsu su shiga cikin ƙabilun da ba su musulunta ba. Shi ya sa a wannan yanki ƙararrawa ta fara kaɗawa a ƙauye kafin birni. Mishan ɗin da ya haifi cocin UMCA, wanda mutanensa suka fito daga Kanada da Amurka, ya soma ne a ƙasar Nufe a 1905 ta hannun A. W. Banfield, ya kai Salka da Zuru a shekarun 1920. Salka kuwa maƙwabciyar Auna ce. Katolika sun yi tasu tafiyar a hankali: a 1995 aka yanke wa Kontagora yankinta a ƙarƙashin wani Fada ɗan Ailan, Timothy Carroll, sai a 2020 ta zama cikakkiyar dayosis, Bishop Bulus Dauwa Yohanna na jagoranta.

Abin lura a tashar mishan ta wancan zamani shi ne abubuwa uku take kiran mutane gare su da ƙarfe guda: sujada, makaranta, da shan magani. A ƙaramin ƙauye kuma sau da yawa mutum ɗaya ke riƙe da ukun. Shi zai buga ƙararrawa da asuba, ya koya wa yara baƙaƙe da hantsi, ya wanke gyambo ya ba da ƙwayar zazzaɓi da la'asar. Shaidarsa ɗaya ce, Baturen mishan ya yarda da shi, ƙauye kuma ya karɓe shi.

Yau da wannan malamin zai dawo, biyu daga cikin ayyukansa sun fi ƙarfinsa sai da takarda daga Abuja. Koyarwa tana ƙarƙashin hukumar rajistar malamai, TRCN, wadda dokar soja ta 1993 ta kafa, kuma mafi ƙarancin abin da ake nema ga malamin firamare shi ne shaidar NCE. Aikin ɗakin shan magani yana da tasa hukumar mai yi wa ma'aikatan lafiya na matakin farko rajista, ban da ta nas-nas da ungozomomi, ban da MDCN ta likitoci, ban da PCN ta masu harhaɗa magani da masu sayar da shi. Injiniyoyi suna da COREN tun 1970. Maganin kansa da abincin gwangwani da ruwan leda na hannun NAFDAC tun 1993. Layin waya na NCC ne, wutar lantarki ta NERC, gidan rediyo na NBC. Da wuya ka ambaci sana'ar da ake shiga ta ƙofar makaranta a Nijeriya ba ka tarar da majalisarta da hatiminta da kuɗin sabunta lasisinta na shekara ba. Aiki na uku, bugun ƙararrawa, shi kaɗai ya tsira. Haka ma ladani. Kuma abin da zai ba mutum haushi, ko dariya, shi ne a cikin ukun wanda ba shi da hukuma shi ne bai cika saɓa lokaci ba.

Kada a ɗauka ko'ina haka abin yake, ba ƙungiya ba tsari. A Ingila masu buga ƙararrawa suna da majalisar ƙasa sukutum, wadda Sir Arthur Heywood ya assasa a 1891, da jaridarsu ta mako-mako da ke fitowa tun 1911. Dalili kuwa, abin da suke yi a can ya wuce kiran mutane ibada, ya zama fasaha mai lissafi. Hasumiyar coci takan ɗauki ƙararrawa 6 ko 8 ko 12, kowace da muryarta, kowace da igiyarta da mutum guda a ƙarƙashinta. An ɗaura kowace a jikin babbar da'irar katako, ta yadda jan igiya ɗaya zai juya ta cikakken zagaye. Wata nauyinta ya kai tan guda, babbar ta cocin Libaful ta haura tan 4. Ba waƙa suke kaɗawa ba. Jeri suke canzawa: a fara daga ƙarama zuwa babba, sannan a kowane zagaye a sauya tsarin, da sharaɗin kada wata ta tsallake fiye da gurbi ɗaya, kuma kada a maimaita jerin da aka riga aka yi. Ƙararrawa 7 tana ba da jeri 5,040, kuma gama su yakan ci wajen awa 3 a tsaye, ba hutu, ba duba takarda, ba mai karɓar wani. Guda 8 tana ba da 40,320. An taɓa kammala wannan a garin Lafbara a 1963, cikin kusan awa 18. Littafin farko da ya tsara wannan ilimi ya fito tun 1668, kuma sunan Fabian Stedman, wanda ya sa hannu wajen fitar da shi, har yau yana kan ɗaya daga cikin salon bugun.

To, ko wannan majalisa mai dogon tarihi ba ta ba kowa lasisi. Tana ajiye tarihin bugun da aka yi, tana tantance salo da sunayensu, tana ba da shawara kan gyaran hasumiya da kiyaye haɗari, amma ba ta da ikon cewa wane ya sauka daga hasumiya. Wannan iko na limamin cocin ne, domin dokar Cocin Ingila ta ce ba a buga ƙararrawa saɓanin umarninsa. An sha fama kafin a kai nan. A ƙarni na 19 hasumiyoyi da yawa sun zama mashaya, masu bugu su kira jama'a ibada su kuma su zauna sama da tulun giya. Wani limami, Ellacombe, har na'ura ya ƙirƙira a 1821 wadda mutum ɗaya zai iya kaɗa dukkan ƙararrawar da ita, don dai ya rabu da su. Gwamnati kuwa ta taɓa sa hannu da ƙarfi: a watan Yunin 1940 ta hana bugun gaba ɗaya, aka ce duk ran da aka ji shi to Jamusawa sun sauka. Sai a 1943 aka ɗage. Faransa ta bi wata hanya. Dokarta ta 1905 da ta raba coci da gwamnati ta miƙa tsara lokutan bugu ga magajin gari, idan ya saɓa da shugabannin coci sai wakilin gwamnati na lardi ya raba gardama. A duka ƙasashen biyu, mai hukunci a kan ƙararrawa mutum ne da kunnensa ke jin ta.

Nan ne, a ganina, dalilin da ya sa mai buga ƙararrawa ba shi da lasisi yake. Aikin mai ƙararrawa aiki ne da kowa ke iya yi wa hukunci nan take. In ya makara gari ya sani kafin ya ajiye rodi. In ya buga na mutuwa alhali ba wanda ya mutu, kafin azahar dattawa sun zauna da shi. Ladanin da ya kira salla kafin lokaci a watan azumi ba ya bukatar sufeto daga Minna, mutanen sahun farko sun ishe shi. Sana'o'in gargajiya ma a kan wannan aka gina su. Sarkin Pawa yana duba dabba kafin a yanka, Sarkin Aska ya san wanzamin da hannunsa ke rawa, Sarkin Maƙera ya san wanda garmarsa ke karyewa a huɗar farko. Duk suna zaune cikin waɗanda suke yi wa hukunci, aibin da suke nema kuma ido na ganinsa.

Lasifika ce ta fara dagula wannan lissafi. Ƙararrawa minti biyu ce ta yi shiru, kiran salla ma haka. Amma da amfilifaya da janareta suka yi araha, daga baya sola ta zo, sai ya zama coci na iya kwana tana addu'ar dare unguwa na kwana tare da ita ba da sonta ba, masallaci na iya sakin kaset ɗin wa'azi tun kafin assalatu, mai maganin gargajiya ya kafa tasa a bakin kasuwa yana ambaton cututtukan da ba a faɗa gaban surukai. Maƙwabci yana ji, yana kuma iya hukunci, sai dai bakinsa a ɗaure yake. Idan na addininsa ne za a ce imaninsa ya yi rauni. Idan na ɗaya addinin ne, maganar da ta fara a kan barci tana iya ƙarewa a kan abin da ba wanda ke fata.

Doka tana nan. An kafa hukumar kare muhalli ta ƙasa, NESREA, a 2007, kuma a 2009 ta fitar da ƙa'idojin hayaniya da suka yanka iyakar ƙara ga unguwar zama da kasuwa da masana'anta, ta rana daban ta dare daban, ana aunawa da desibel. Ƙa'idojin ba su ware wuraren ibada ba. Legas ta gwada aiki da irin wannan doka, a tsakiyar 2016 hukumar muhallinta ta rufe coci 70 da masallaci 20. Ruwanda a 2018 ta rufe ɗaruruwan majami'u a Kigali ta kuma hana lasifikar masallatai a wani sashen birnin. Saudiyya kanta a 2021 ta taƙaita lasifikar waje ga kiran salla da iƙama, ta ce kada ƙarar ta wuce sulusin ƙarfin na'urar. Amma a gari irin Auna abin da ke rage ƙarar lasifika, in ta ragu, shi ne hakimi ya kira liman da fasto, ko wani dattijo ya je da kansa bayan sallar isha ya ce, Malam, akwai mara lafiya a bayan katangar nan. Wannan hanya tana aiki fiye da yadda 'yan birni ke zato. Inda take gazawa shi ne idan mai lasifikar baƙo ne mai ƙungiya a bayansa, wanda ba ya ganin dattijon gari a bakin komai.

Wahalar gaske tana wajen sana'o'in da ido da kunne ba sa iya yi musu hukunci. Ɗauki kemis. A ƙauye shi ne asibitin farko, sau da yawa shi ne na ƙarshe, kuma kowa likita yake ce masa. Lasisin da PCN ke ba irinsa ya tsaya ne a kan magungunan da ake saya ba da takardar likita ba, cikin kwalinsu na asali. Bai haɗa da allura ba, balle ƙarin ruwa. Kowa ya san abin da ke faruwa bayan labule. Ba kuma lalle mugunta ce ta kawo haka ba: a 2024 ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya ce likitocin da ke da lasisi a ƙasar wajen 55,000 ne, kimanin 16,000 sun fice cikin shekara biyar, ragowar kuma sun taru a manyan birane. Uwar da ɗanta ke suma da tsakar dare ba za ta tambayi lambar rajista ba. Ko ta tambaya, ƙwayar da za a ba ta fara ce, ta gaske da ta jabu kamarsu ɗaya. Mai kemis ɗin kansa bai san abin da ke ciki ba, shi ma sarowa ya yi daga Kontagora ko Kano ko Anaca.

Daga ƙarshen 2008 wani maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin ya kashe yara 84 a Legas da Ibadan da Zariya da wasu wurare, saboda an haɗa shi da wani sinadari mai lalata ƙoda. Yana da zaƙi, yana da kwalba mai kyau. Babu Sarkin Kasuwar da zai iya gane shi, sai ɗakin gwaji. A 2015 a Shikira, cikin ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka mutu da gubar dalma daga dutsen zinariya da ake daka a cikin gidaje, shekara biyar bayan irin wannan ta hallaka yara sama da 400 a Zamfara. Iyayen suna kallon ƙurar, ba abin da ya nuna musu guba ce. Don irin waɗannan aka ƙirƙiro hukumomin ƙasa, kuma duk mai cewa a bar wa gargajiya komai bai tsaya a kan kabarin yaran Shikira ba. Matsalar ita ce inda aka fi bukatar hukumar, nan ta fi nisa. Neja ta fi kowace jiha faɗin ƙasa, wajen murabba'in kilomita 76,000 a ƙananan hukumomi 25. Ofisoshin hukumomin tarayya suna Minna, daga Minna zuwa Kontagora kusan kilomita 200 ne, kafin a ɗauki hanyar Salka da Auna. NAFDAC ta kawo dabarar kankare lamba a jikin kwali a aika ta waya tun 2010, dabara mai kyau ga wanda ya sayi kwali. Mai sayen ƙwaya huɗu a ƙullin takarda ba shi da abin kankarewa.

Madatsar ruwan Auna ma tana cikin wannan sahu ta wata fuska. Tun shekarun 1980 aka soma ta a kan kogin Kontagora don noman rani, gwamnatoci suka yi ta zuwa suna wucewa ana sake sa ta a kasafi. Majalisar injiniyoyi tana iya tabbatar da cewa wanda ya zana ta ƙwararre ne. Ba ta da ta cewa a kan aikin da aka bari rabi.

Ana cikin haka, a watan Satumba na 2025, hukumar harkokin addini ta jihar Neja ta sanar cewa duk mai son yin wa'azi sai ya cika fom, ya bayyana gaban kwamitin tantancewa, ya karɓi lasisi, aka ba da wa'adin wata biyu. Gwamna Umaru Bago ya ƙara da cewa a riƙa kawo huɗuba a duba kafin a hau mumbari. Ƙasa ta ɗauka. Masu suka suka jawo sashe na 38 na kundin tsarin mulki, mai ba kowa 'yancin addini da yaɗa shi. Masu goyon baya suka jawo tarihi, kuma tarihin ba ƙarya ba ne: rikicin Maitatsine na Disambar 1980 a Kano ya ci rayuka sama da 4,000, daga bakin mai wa'azi ya faro, haka ma rikicin da ya tashi a Maiduguri a 2009. Tun bayan Maitatsine jihohin Arewa ke kafa hukumomin tantance masu wa'azi, Kaduna ma ta sha irin wannan muhawara a 2016 da aka nemi sabunta dokarta ta 1984.

Ban raina tsoron da ke bayan wannan mataki ba. Abin da nake tambaya shi ne wane irin aiki ne wa'azi, irin na mai ƙararrawa ko irin na mai kemis? A fili ake yinsa, da harshen da kowa ke ji, gaban malamai da dattawan da suka san littafin. Mai tunzura jama'a ba ya ɓoyuwa, kuma dokar hukunta tunzurawa tana nan tun kafin a haifi fom. Kwamitin tantancewa kuwa dole wasu malamai za su zauna a cikinsa, 'yan Izala ko 'yan ɗariƙa, 'yan wannan ɗarikar coci ko waccan, kuma gwamnan da ya naɗa su yana da zaɓe a gabansa. Gwamnatin tarayya ta taɓa ɗanɗana irin wannan. A Janairun 2017 wata ƙa'ida ta hukumar kula da rahoton kuɗi ta sa Fasto Enoch Adeboye ya sauka daga shugabancin cocin RCCG na Nijeriya, bayan kwana biyu aka sallami shugaban hukumar, Jim Obazee, aka dakatar da ƙa'idar. Sashe na 839 na dokar kamfanoni ta 2020, wanda ya ba hukumar rajistar kamfanoni, CAC, damar dakatar da amintattun ƙungiya, har da na coci da masallaci, shi ma ƙungiyar Kiristoci ta CAN ta yi masa ca. Kuɗin baiko da na zakka, waɗanda mai bayarwa ba ya ganin inda suka shiga, sun fi huɗuba cancantar mai bincike, amma a nan ne gwamnati ta fi saurin ja da baya.

Akwai sana'a ɗaya a bakin Auna da ta haɗa matsalolin biyu wuri guda, ta abin da ido ke gani da ta wanda ba ya gani, ita ce tuƙin jirgin ruwa. Da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya shanye tsohuwar Busa da garuruwa masu yawa, aka sake wa mutum sama da 40,000 matsuguni. Itatuwan da ke filayen ba duka aka sare ba, kututturansu suna nan ƙarƙashin ruwa, suna matsowa sama idan tafkin ya ja baya. Hanyar mota kewaye ce mai nisa, saboda haka ran kasuwa jirgin katako mai inji shi ne motar haya, shi ne a-kori-kura, mutane da buhuna da babura da awaki a ciki ɗaya.

Wa ke da iko a kansa? Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulki ya ba ƙaramar hukuma ikon ba da lasisin keke da amalanke da baro da kwalekwale. Hukumar hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, wadda aka kafa a 1997 da hedikwata a Lakwaja, ita ke da hanyar ruwan, kuma a Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta tabbatar mata da wannan iko a shari'arta da jihar Legas. Ƙa'idojinta sun hana lodi fiye da kima, sun hana tafiyar dare, sun wajabta rigar ruwa. Hukumar raya yankunan madatsun lantarki, HYPPADEC, tana raba rigunan tana kuma cire itatuwa a wasu hanyoyi. Ga Sarkin Ruwa da shugabannin ƙungiyar masu jirgi a kowace mashiga.

Lodin jirgi abu ne da ido ke gani. Kowane fasinja yana kallon yadda bakin jirgin ke kusantar ruwa, yana kuma shiga, domin in ya tsaya babu wani sai mako mai zuwa, kayan miyarsa kuma ba za su jira ba. Ruɓewar katakon ƙasa da wurin da kututture yake kuwa, ba ya iya gani. A ranar 26 ga Mayun 2021 wani jirgi da ya taso daga yankin Borgu ɗauke da mutum sama da 150 ya tsage ya nutse kusa da Wara, a jihar Kabi, a gaɓar tafkin. Waɗanda aka ceto da rai kimanin 20 ne. A farkon Satumbar 2025, makon da ake ta gardamar lasisin masu wa'azi, wani jirgin ya taso daga Tungan Sule a gundumar Malale da mutanen da za su gaisuwar rasuwa a Dugga, ya daki kututture kusa da Gausawa. Gwammai suka mutu, yawancinsu mata da yara.